Yadda na yi jinyar lemun garkarmu daga ƙarancin zinki

Garkar da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana tana kan hanyar Mirya, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a babur daga birnin Damagaram. A cikinta akwai itatuwan lemu 46, yawancinsu tanjalo da lemun zaƙi masu aure, sai lemun tsami guda 8 a gefen rijiya. Da yake ni ne ke zaune a gari, ƴan'uwana suka ɗora mini kula da ita, ni kuwa malamin makaranta ne, sanina game da lemu bai wuce abin da na gani a hannun tsoho ba. Na ɓata kusan wata biyar da kuɗi masu yawa ina maganin ciwon da ba shi ne ke damun itatuwan ba, kuma na san akwai masu garka a Mirya da Gidimuni da Matameye da suke kallon irin ganyen da na kalla suna rasa inda za su nufa. Su ne nake rubuta wa wannan bayani.

A cikin watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama, na fara lura da cewa sabon tohon da itatuwan ke fitarwa ba irin wanda na saba gani ba ne. Ganyen ƙanana ne, sirara, masu tsini, suna tsaye cirko-cirko maimakon su buɗe su kwanta, kuma sun cunkushe a bakin reshe kamar kan tsintsiya. Jijiyar tsakiya da manyan jijiyoyin gefe suna nan kore shar, amma tsakaninsu ya koma ruwan ɗorawa, wani wurin ma har ya yi fari. Tsofaffin ganyen da ke can cikin itace kuwa lafiyarsu lau. A wasu itatuwan bakin rassa ya soma bushewa daga sama yana gangarowa. Ƴaƴan da muka tsinka a wannan shekara ƙanana ne, ɓawonsu da kauri, ruwansu kaɗan, har matan da suka saba sari a wurin mahaifinmu suka ce sai dai a rage musu kuɗin kwando. Wannan magana ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo, domin lemun garkar nan suna ne da shi tun muna yara.

Dattijon da ke yi mana ban ruwa, wanda ya shekara fiye da ashirin yana aiki tare da tsoho, ya duba ya ce mini: "Malam, yunwa ce, itace na son abinci." Ban yi musu ba. Na sayi buhu biyu na takin 15-15-15, muka zagaye kowane gindi da shi, bayan sati uku muka bi da yuriya. Wani maƙwabcinmu ya ce toka ce maganin rawayar ganye, sai muka riƙa kwaso tokar gidajenmu muna zubawa a gindin waɗanda suka fi jin jiki. Da watan Fabrairu ya zo ba a ga sauyi ba, wani kuma ya ce ƙwari ne ke tsotse ganyen, na sayi maganin ƙwari aka yi feshi har sau biyu. Tohon da ya fito a watan Maris ya fi na baya ƙanƙanta, shi ne ya sa na yarda cewa lalube nake yi a cikin duhu.

Ranar wata Litinin a farkon Afrilu na tafi ofishin malaman gona da ƴan ganyayyaki da na tsinko na cusa a aljihu. Na isa wajen ƙarfe takwas, na zauna a kan benci har kusan sha ɗaya, sannan aka shaida mini cewa malamin da ke kula da harkar itatuwa ya fita rangadi, sai Laraba. Ba a nemi wata takarda a wurina ba, ba a kuma karɓi ko dala ba, sai dai an rubuta sunana da inda garkar take a wani littafi. Ranar Laraba na same shi. Ya karɓi ganyen da suka riga suka yanƙwane, ya jujjuya su, ya ce waɗannan ba za su gaya masa komai ba. Abin da yake so shi ne reshe guda mai tsawon kamu ɗaya ko biyu, wanda ke ɗauke da sabon ganye da tsoho tare, daga itace marar lafiya, da wani irinsa daga itace mai lafiya. Sannan ya yi mini tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini a duk tsawon watannin nan: "Malam, wane ganye ne ya fara sauya launi, sabo ko tsoho?" Na ce sabo. Ya ce to, wannan kaɗai ya isa ya nuna ba irin yunwar da yuriya ke magani ba ce. Ya bayyana mini cewa akwai abincin da itace ke iya kwasowa daga tsohon ganye ya kai wa sabo idan ya yi ƙaranci, kamar wanda ke cikin yuriya, shi ya sa rashinsa ke fara bayyana a tsofaffin ganye. Akwai kuma wanda idan ya zauna a ganye ba ya tashi, irin su zinki da sinadarin ƙarfe, saboda haka jaririn ganye ne ke fara nuna rashinsu.

Muka yi alkawarin zai zo ya gani da idonsa ranar Asabar, ni kuma na ɗauki nauyin man babur ɗinsa, jaka 3. Zuwan nan nasa shi ne abu mafi amfani a duk wannan tafiya. Ya bi layi-layi yana tsinkar ganye yana ɗaga shi sama yana kallo. Ya nuna mini cewa rashin sinadarin ƙarfe yana mayar da ganye fari-fari da siraran jijiyoyi kore kamar saƙar koma, amma girman ganyen ba ya raguwa sosai. Rashin manganis yana kama da na zinki, sai dai launin ba ya tsananta haka kuma ganye na kai girmansa. Rashin maganiziyom kuwa a tsohon ganye yake, yana barin kore a gindin ganyen kamar bakin mashi. Ganye ƙarami, siriri, mai tsini, a cunkushe, shi ne tambarin rashin zinki. Daga nan ya yi wani abu da ya tsorata ni. Ya naɗe ganye biyu a kan jijiyar tsakiya yana gwada gefen dama da na hagu, ya kuma sa aka yanka ƴaƴan da suka rage a sama. Ya ce akwai wata muguwar cutar lemu da wani ƙaramin ƙwaro ke yaɗawa, wadda ke kwaikwayon rashin zinki, kuma ba ta da magani sai sare itace. A cikinta dabbare-dabbaren gefe ɗaya ba ya daidaita da na ɗayan, ƴaƴan kan karkace, ƙwayar cikinsu kan mutu ta yi baƙi. Namu gefe biyun sun yi daidai, ƴaƴan kuma ba su karkace ba. Sai a lokacin na ji numfashina ya dawo.

Da ya sunkuya a gindin itace ya ga tokar da muka tara, ya kuma ga wani farin ɓawo-ɓawo a bakin kwalbatin da ruwan rijiya ke bi, sai ya kira dattijon ya ce: "Baba, wannan farin ya daɗe yana fitowa?" Baba ya ce tun zamanin marigayi yake gani, amma ya ƙaru a ƴan shekarun nan. Malamin ya ce ƙasarmu da ruwanmu suna da kanwa-kanwa, abin da ba baƙo ba ne a fadamun wannan yanki, kuma a irin wannan ƙasa ko da akwai zinki a ciki yakan ɗaure, saiwa ta kasa shansa. Toka tana ƙara wannan ɗauri. Fosfor ɗin da ke cikin 15-15-15, idan ya yi yawa, shi ma yana hana itace samun zinki, yuriya kuma tana tunzura itace ya fitar da toho mai yawa alhali babu abin da zai ciyar da shi. Wato duk abin da na yi da kyakkyawar niyya ƙara wa ciwon ƙarfi ya yi. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, Baba ma ya yi shiru, amma malamin ya ce masa ba laifinsa ba ne, domin rawayar ganye a idon kowa yunwa ce. Da Baba ya tambayi mene ne zinkin, ya ce masa shi ne dai sinadarin da ke cikin ƙwayar da ake ba yara a asibiti tare da ruwan gishiri da sukari idan suna zawo, itace ma ɗan kaɗan yake bukata, amma idan babu shi ganye ba ya girma.

Ya ce a ganinsa alamun sun isa, amma tun da garkar ta gado ce kuma akwai masu haƙƙi da zan yi wa bayani, gara a auna. Ya rubuta mini yadda ake ɗaukar samfur. Ganye 100 daga itatuwa kamar 20, a kowane gefe na itace, daga rassan da ba su ɗauke da ƴaƴa, kuma ganyen da ya kai wata huɗu zuwa shida, ba jariri ba, ba tsoho tukuf ba. Ƙasa kuma a haƙa daga sama zuwa zurfin santimita 30 a daidai inda inuwar itace ta ƙare, a wurare da yawa, a gauraya, a ɗebi kamar rabin kilo. Ya ja kunnena cewa kada in yi amfani da bokitin ƙarfe mai walƙiya, domin da zinki ake shafe shi, zai iya sa awo ya nuna akwai abin da babu. A bokitin roba muka gauraya. Sai dai na yi wani kuskure a nan: na ƙulle ɗanyen ganyen a leda na ba motar Yamai, inda wurin awon yake, tafiyar kilomita wajen 900 a cikin zafin bazara. Ƙanena da ya je karɓa ya kira ni ya ce ganyen ya dahu ya yi baƙi, wurin awon sun ce ba zai yi ba. Dole na sake tsinko wani, na ɗauraye ƙurarsa da ruwa mai tsabta, na shanya a inuwa kwana biyu, na zuba a ambulan na takarda. Wannan ya ci mini kwana goma da kuɗin mota karo na biyu.

A wurin awon an ba ƙanena takardar da ya cike da sunana, da inda garkar take, da irin lemun, da shekarunsa, da takin da aka zuba a baya, ya biya jaka 22 na ganye da ƙasa, aka ba shi rasiɗi aka ce ya dawo bayan sati biyu. Sai da aka yi sati uku da ƴan kwanaki. A wannan zama na jira na fi shan wahala, domin kullum na je garka sai in ga kamar wani reshen ya ƙara bushewa, ga shi an hana ni zuba komai. Da takardar ta fito ya ɗauki hotonta ya turo mini ta WhatsApp, na kai wa malamin gona. Ma'aunin pH na ƙasar, wato awon tsaminta ko kanwarta, ya nuna 8.1, alhali lemu ya fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Zinkin da ke cikin ganye miligiram 13 ne a kowane kilo na busasshen ganye, ya ce ƙasa da 18 rashi ne bayyananne, abin da ake so shi ne daga 25 zuwa 100. Fosfor kuwa ya haura yadda ake bukata. Ya ce tun da ƙasar haka take, zuba zinki a gindi asarar kuɗi ce, domin zai ɗaure kamar na farko. Ta ganye za a ba itacen, da feshi.

Neman maganin kansa wani aiki ne. Ya rubuta mini sunansa da Faransanci kamar yadda yake a jikin buhu, sulfate de zinc, na shiga shagunan kayan noma da takardar a hannu. Wani ya miƙo mini maganin fumfuna mai suna mankozeb ya ce akwai zinki a ciki. Gaskiya ne akwai, amma ɗan kaɗan ne, ba don wannan aiki aka yi shi ba. Wani yaron shago kuma, da ya ji kalmar zinki, ya ɗauko mini wani baƙin gari a ƙaramar leda. Da na karanta sai na ga phosphure de zinc, wato gubar ɓera, wadda ke kashe mutum da dabba. Ina roƙon duk wanda zai je sayayya ya karanta sunan gaba ɗaya, ko ya tafi da wanda zai karanta masa. Na gaskiyar fari ne, kamar gishiri ko sukari, yana narkewa a ruwa. A ƙarshe wani ɗan kasuwa da ke zuwa Kano sari ya kawo mini kilo 5 a kan jaka 9 bayan kwana takwas. A jikin ledar an rubuta zinkin da ke ciki kashi 21 cikin ɗari ne. Akwai wani nau'in mai kashi 33 zuwa 35, wanda ya sami wannan sai ya rage awo.

Awon da aka ba ni shi ne giram 2 a kowace lita, wato giram 30 a famfon goyo mai lita 15. Ba ni da sikelin da zai auna wannan, sai na je wurin wani maƙerin farfaru da na sani ya auna mini a kan sikelinsa, muka ƙulla ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli na famfo ɗaya. Maganin na hannuna tun ƙarshen Mayu, amma malamin ya hana ni taɓa shi. Ya ce in jira ruwa ya sauka, itatuwa su yi sabon toho, ganyen ya kai kamar kashi biyu cikin uku na girmansa, domin a lokacin ne yake da laushin da zai sha, kuma a zafin da ya haura digiri 40 feshi ƙona ganye yake yi. Kada a fesa wa itace mai jin ƙishirwa, kada a fesa lokacin da fure ya buɗe sosai, kada a haɗa da wani taki mai fosfor a cikin famfo. A sati na biyu na Yuli tohon ya kai. Da muka narka ƙullin farko a ruwan rijiyarmu sai ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono, na kira shi a waya, ya ce kanwar ruwan ce ke kama maganin, mu nemi ruwan sama. Muka tara a durom na roba. Mun fara bayan la'asar, ranar da babu alamar hadari, muna jiƙa ganye sama da ƙasa har ya fara ɗiga, da ƙyalle a hanci da doguwar riga. Famfo ɗaya yana isar manyan itatuwa biyu zuwa uku, aikin ya ɗauke mu yammaci uku.

A rana ta biyu ban samu zuwa da wuri ba, ɗan Baba ya ga itatuwa biyu da suka fi lalacewa, tausayi ya sa ya zuba ƙulli uku a famfo ɗaya ya fesa musu da rana tsaka. Bayan kwana biyu ganyensu ya yi tabo-tabo kamar an yayyafa musu ruwan zafi, da yawa ya zube. Ba su mutu ba, amma sun koma baya da wata guda. Laifina ne, domin na ba shi ƙullin ban gaya masa dalilin awon ba.

Abin da ya kusa karya mini gwiwa shi ne sati biyu bayan feshi. Na zaci zan ga garka ta koma kore, sai na tarar tsofaffin ƙananan ganyen nan suna nan yadda suke, wasu sun ɗan yi duhu kawai. Na koma wurin malamin da fuska a murtuke, ya ce ai ganyen da ya riga ya tsufa a ƙanƙance ba zai ƙara girma ba har ya faɗi, in daina kallonsa, in kalli wanda aka fesa yana jariri da wanda zai biyo baya. Haka kuwa aka yi. Zuwa tsakiyar Agusta bakin rassa ya cika da ganye mai faɗi, kore, da tazara tsakanin ganye da ganye. A reshe ɗaya mutum zai ga ƙananan na bara a ƙasa, manyan na bana a sama. Baba ya tsinko ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa ya ce: "Malam, wannan shi ne ganyen da na sani."

Daga nan muka bi sauran gyaran. Muka datse busassun rassa har zuwa inda itace ke da rai, muka kwashe tokar da ke gindi, muka daina 15-15-15 gaba ɗaya na wannan shekara. A madadinsa muka zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi da ya kwana biyu a rami, muka rufe da ciyawa don danshi ya daɗe, muka kuma daina cika gindi da ruwa har ya kwanta. Mun sake feshi a ƙarshen Satumba a kan tohon kaka, sannan a watan Fabrairu kafin fure ya buɗe. Tun da zinkin ba ya tashi daga tsohon ganye zuwa sabo, kuma ƙasarmu ba za ta sauya hali a shekara ɗaya ba, feshin nan ya zama aikin kowace shekara, kamar yadda ake yi wa rijiya yasa.

Da na zauna na yi wa ƴan'uwana lissafi, abin da na kashe a kan taki da maganin ƙwarin da ba su da amfani ya fi abin da awo da man babur da sulfat ɗin suka ci gaba ɗaya, kuma har yanzu akwai saura daga kilo biyar ɗin. Da zan sake, da reshe guda zan fara ɗauka in kai wa malamin gona tun a watan Disamba, kafin in sayi ko tiya ɗaya ta taki. A ganina wanda itatuwansa ba su wuce biyar ko goma ba bai zama dole ya aika samfur Yamai ba, ya isa masani ya zo ya gani, a gwada feshin a kan itace biyu a jira toho na gaba. Amma mai babbar garka, ko wanda aka gwada masa feshi bai ga sauyi a sabon ganye ba, kada ya yi ƙyashin kuɗin awo, domin wataƙila manganis ne ko ƙarfe, ko ciwon yana can a saiwa, ko kuma waccan cutar da ake tsoro. Kuma duk wanda zai ba wani famfo ya fesa masa, ya tsaya ya bayyana masa dalilin awon da na lokacin.

A tsinkar da ta biyo baya ƴaƴan ba su kai na zamanin tsoho yawa ba, amma girmansu ya dawo, matan sari kuma sun ɗauka ba tare da neman ragi ba. Itatuwa uku da ke kusa da bakin rijiya har yanzu tohonsu na fitowa da ɗan dabbare-dabbare duk da feshi uku, malamin gona yana zargin ruwan ne ya fi yi musu yawa. Mun shirya bayan an gama tsinka zan cika kwalbar roba da ruwan rijiyar in aika a auna shi, mu kuma janye kwalbatin ya daina bi ta gindinsu.